Yadda Ake Amfani da Maganin Toshe Yoyon Ruwa a Injin da Aka Sake Haɗawa

Tun da bazara ta kunno kai, tambaya ɗaya masu motoci da direbobi daga Garwa, Marwa da Kusiri suke ta maimaitawa: an sauke injin, an yi masa aiki, an mayar da shi, amma ruwan lagireto sai raguwa yake yi, shin a zuba maganin toshe yoyo ne, ko kuwa a sake kwance shi? Amsar da zan bayar ita ce maganin yana aiki, amma a kan ƙaramin yoyo kaɗai, irin wanda ƙarfe yake yin gumi ko yake ɗiga jefi-jefi, kuma sai an bi matakansa daki-daki. Ba ya gyara aikin da aka yi ba daidai ba, kuma idan aka zuba shi da ka, yana iya toshe lagireto ya bar yoyon yana nan. Don haka matakai uku na farko duk bincike ne, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake su saboda gaggawa.

1. Gano inda ruwan yake tafiya

Ruwan da ya ɓace daga lagireto hanya uku ce gare shi: ko ya fita waje ya ɗiga ƙasa, ko ya gangara cikin baƙin mai, ko ya shiga silinda ya ƙone ya fita ta salansa. Kowace hanya da hukuncinta, shi ya sa ba a sayen magani kafin a san wacce ce.

Ka fara da wanke injin sarai, ka bar shi ya bushe, domin injin da aka gama haɗawa yakan zo da ragowar mai da ruwan da ya zube lokacin cikawa, kuma su kan ruɗi ido. Da yamma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, da safe ka duba inda ɗigon ya sauka. Idan ba ka ga komai ba, ka barbaɗa hoda ko garin alli a gefen jikin injin, a layin da kan injin ya haɗu da jikinsa, da kewayen famfon ruwa, da bakin kowane tiyo, sannan ka tayar da injin ya yi zafi. Inda ruwa yake tsatsowa zai bar layi a kan hodar, ko da ɗigon ya bushe kafin ya kai ƙasa.

Abin da ya fi duk wannan inganci shi ne famfon gwaji na hannu, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska. Ana yin gwajin ne injin yana sanyi. Ka dubi lambar da ke kan marfin lagireto, yawanci 0.9 ko 1.1 ce a motocin Japan, ka hura har allura ta kai wannan lamba, ka jira kamar minti 15. Idan allurar ta sauka kuma ka ga ruwa a waje, ka sami wurin. Idan ta sauka amma waje a bushe yake, to ruwan ciki yake tafiya.

Gargaɗi: kada ka hura fiye da lambar marfin. Tsohon lagireto mai kan roba yana iya tsagewa, ka ƙara wa kanka aiki.

Na ciki kuwa ga alamominsa. Ka zaro sandar awon baƙin mai, ka kuma buɗe marfin da ake zuba mai ta nan: idan man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi. Ka dubi salansa bayan injin ya yi zafi sosai: farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, mai ɗan ƙamshin zaƙi, alama ce ta ruwa yana ƙonewa a silinda. Tururin safiya na lokacin hunturu da yake ɓacewa bayan 'yan mintuna ba shi ake nufi ba. Sannan da safe, injin yana sanyi, ka cire marfin lagireto, ka cika shi taf, ka ɗaura safar hannu ta roba a bakinsa, ka tayar da injin. Idan safar ta kumbura cikin minti na farko, ko kuma kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, iskar silinda ce take kutsawa cikin ruwa. Wasu garejoji suna da wani ruwan gwaji shuɗi da ake riƙewa a bakin lagireto, wanda yake komawa rawaya idan hayaƙin injin fetur ya taɓa shi, ko kore a injin gas. Idan akwai shi kusa da kai, kuɗin gwajin bai kai asarar zato ba.

2. Yanke hukunci: yoyon na magani ne ko na sifana

Magani ya dace idan yoyon ɗan gumi ne a jikin ƙarfen injin, ko tsaga siririya da ido ba ya gani sosai, ko ɗan tsatsowa a gefen gasket zuwa waje, kuma motar tana iya yin kwanaki kafin ka ƙara kofi ɗaya ko biyu na ruwa. Irin wannan yoyo yakan fito a tsohon jikin injin da aka wanke da sinadari lokacin aiki, domin wankin yana cire tsatsa da dattin da suka daɗe suna toshe ƙananan ramuka. Masu yin waɗannan magunguna da kansu ba su yi alkawarin toshe babban rami ba. Kamfanin K-Seal, alal misali, iyakar da ya faɗa ba ta kai milimita 1 ba.

Magani bai dace ba idan ruwa ya shiga baƙin mai. A nan ba na sassautawa ko kaɗan, domin ruwan sanyaya injin yana lalata sababbin mital na karanshaf cikin ɗan lokaci, kuma kuɗin aikin gaba ɗaya ne zai tafi. Haka nan bai dace ba idan kumfa tana tunkuɗo ruwa waje da ƙarfi, saboda matsin da ke cikin silinda ya ninka na lagireto sau da yawa, musamman a injin gas, kuma zai riƙa ture maganin daga bakin tsagar kafin ya zauna. Yoyon tiyo, na famfon ruwa, na marfin lagireto da na kan lagireto na roba duk na canji ne. Famfon ruwa yana yoyo ne ta wurin da yake juyawa, kuma babu maganin da yake zama a kan abin da ke juyawa.

Gargaɗi: idan mota ta kwana, da safe injin ya yi nauyin juyawa ko ya tsaya cak kamar an riƙe shi, kada ka sake murɗa makulli. Mai yiwuwa ruwa ne ya taru a silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa, sai dai sandar fistin ta lanƙwashe. A cire filogi ko nozil a duba tukuna.

3. Koma wa wanda ya haɗa injin

Wannan mataki ne da mutane suke jin nauyinsa, alhali shi ne haƙƙinsu. Da zarar ka zuba magani, ka sauke wa bakanike nauyi, domin duk abin da ya biyo baya zai iya cewa maganin ne ya jawo, kuma ba za ka iya ƙaryata shi ba. Ka je masa da ladabi ka ce: "Maigida, ruwa yana raguwa tun da aka gama aikin nan, ina so mu duba tare kafin in zuba wani abu." Bakanike mai kishin aikinsa zai fi son jin haka da jin labari a bakin wasu.

Abubuwan da za ku duba ba su da yawa, amma kowanne ya sha zama sanadin yoyo a sabon aiki. Na farko kusoshin kan injin: shin da sifana mai awo aka ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe, bisa lambar da masu injin suka tsara, ko kuwa da ƙarfin hannu da dogon bututu? Wasu tsofaffin injina suna buƙatar a sake ɗaure kusoshin bayan sun yi zafi sun huce, wasu sababbin kuma kusoshinsu masu miƙewa ne, ba a sake ɗaure su, kuma bai kamata a mayar da tsofaffin ba. Na biyu fuskar kan injin: an auna ta da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a ɗora gasket? Karkatar da aka yarda da ita ƙanƙanuwa ce ƙwarai, a wasu injinan fetur na Toyota milimita 0.05 ce kacal. Na uku 'yan marufan ƙarfen nan masu kama da murfin kwalba da ake bugawa a ramukan gefen jikin injin. Idan ba a canza su ba lokacin aiki, ko an buga su a karkace, su ne suka fi kowa yoyo, kuma canza wanda hannu ke kaiwa ya fi kowane magani araha da dorewa.

Masu Peugeot 504 mai fetur da masu manyan motocin dakon kaya su ƙara da na huɗu. Yawancin waɗannan injina rigar silindarsu a cikin ruwa take zaune kai tsaye, da abin toshewa a gindinta. Idan ba a zaunar da rigar daidai ba, ko zoben roba ya murɗe lokacin sakawa, ruwa zai gangara cikin kwanon baƙin mai, kuma wannan sai an sake buɗewa. Injinan gas na Toyota masu turbo, irin su 2L-T da 1KZ-TE, an san kansu da tsagewa idan suka taɓa yin zafi fiye da kima, don haka idan dalilin sauke injin tun farko zafi ne, ka tambaya ko an gwada kan kafin a mayar da shi.

Sai idan an bi duk waɗannan, aka tabbatar aikin hannu yana nan daidai kuma ɗan yoyo ne ya rage, sannan a wuce gaba.

4. Zaɓen irin maganin

Magungunan da ke shagunan kayan mota iri uku ne, ko da sunayensu sun yi yawa. Akwai mai 'yan zaruruwa da garin tsirrai, wanda yake zuwa a ƙwaya ko a ruwa mai kauri. Shi ne mafi sauƙin hali, kuma kamfanin General Motors na Amurka ya daɗe yana sayar da ƙwayoyinsa, waɗanda ake haɗawa da garin citta da ɓawon almon, har ana saka su a wasu injina tun daga masana'anta. Ruwa ne yake ɗaukar zaruruwan ya kai su bakin rami, su taru su kumbura su toshe shi. Akwai mai garin ƙarfe, jan ƙarfe ko alminiyam, wani lokaci haɗe da zaren yumɓu, wanda ya fi na farko riƙo. Sai na uku, mai sinadarin sodiyam siliket, wanda yake daskarewa ya zama kamar gilashi idan ya gamu da zafin da ya kai digiri 100 ko ya ɗara. Shi ne aka yi domin tsagar jikin injin da ta kan injin, shi ne kuma mafi haɗari idan aka yi kuskure.

Idan gumi ne zuwa waje, na farko ko na biyu ya isa, kuma da shi nake ba da shawarar a fara. Na uku sai ga tsagar da aka tabbatar da ita a wuri mai zafi. Yawancin kwalaben da ke kasuwanninmu da Faransanci aka rubuta su, don haka ka sa a karanta maka bayanin bayan kwalba gaba ɗaya, ka nemi amsar tambaya biyu: lita nawa kwalbar take ɗauka, kuma tana haɗuwa da ruwan sanyaya injin mai launi ko sai an zubar da shi? Wasu masu siliket ba sa jituwa da ruwa mai launi sam, idan suka haɗu sai su dunƙule su toshe lagireto.

Gargaɗi: ɗanyen ƙwai, barkono, sabulu da garin rogo da wasu direbobi suke zubawa dabarar daji ce ta a kai gari. Ba su da wuri a injin da aka kashe wa kuɗi, domin ƙwai yana dahuwa a duk inda ya ga dama, gari kuma yana kwanciya a ƙasan lagireto.

5. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Za ka tanadi kwalbar magani daidai da girman injin, da ruwan sanyaya injin sabo, da ruwan batir mai yawa (wato tataccen ruwa zalla, ba mai asid ba), da mazurari, da babbar roba ta tarar tsohon ruwa, da filaya da sukundireba na kwance maɗaurin tiyo, da tsumma mai kauri. Ka ƙara da sabon marfin lagireto mai lamba ɗaya da tsohon, da gasket ɗin gidan tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwa har sai injin ya yi zafi) idan za a buɗe shi. Ƙaramar mota irin Corolla tana ɗaukar kusan lita 6 na ruwa, Hilux mai gas kuma kusan lita 10. Ƙaramar kwalbar Liqui Moly mai mililita 150 an tsara ta ne domin lita 10, don haka ko ita ba sai an juye ta duka a ƙaramar mota ba.

Farashi yana sauyawa daga shago zuwa shago, amma akwai ma'aunin da ba ya sauyawa: Yuro 1 sefa 656 ne. Kwalbar da ake sayarwa Yuro 10 a Turai ta kai sefa 6,560 tun kafin kuɗin jigila da kwastan da ribar mai shago. Idan aka miƙo maka irinta a jaka ɗaya da rabi, ka dubi hatimin marfi da rubutun jiki da kyau, domin jabu ya yi yawa. A lissafinka kada ka manta cewa ruwan sanyaya injin da ruwan batir sukan ci kuɗi kamar maganin ko fiye, kuma mai siliket yana cin yini biyu da mota a ajiye, wanda ga mai motar haya shi ma kuɗi ne.

6. Wanke hanyoyin ruwa

Magani ba ya kama ƙarfe mai maiƙo ko mai laka, kuma idan ya tarar da datti yana yawo, da shi zai haɗu ya toshe ƙananan bututun lagireto. Injin yana sanyi, ka buɗe mazubar ƙasan lagireto ko ka cire tiyo na ƙasa, ka tari ruwan a roba. Yawancin injina suna da wata kusa a gefen jikinsu ta zubar da ruwan da ya rage a ciki, ita ma a buɗe ta. Ka mayar, ka cika da ruwa mai tsabta, ka tayar da injin ya yi minti 10, ka kashe, ka bar shi ya huce, ka zubar. Haka za ka yi ta yi har ruwan ya fito garau. Idan maganinka mai siliket ne da ba ya haɗuwa da ruwa mai launi, ko alamar launi bai kamata ta rage ba.

Ruwan rijiya da na burtsatse ya isa wanki, amma ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan batir, saboda ruwan ƙasa yakan zo da gishiri da farar ƙasa masu kwanciya a jikin ƙarfe. A wannan zama kuma ka wanke fuskar lagireto daga baya zuwa gaba, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cushe ta. Idan bututunsa na ciki sun riga sun toshe rabi, a kai shi wurin masu gyaran lagireto a buɗe a tsefe kafin a zuba komai.

Gargaɗi: ruwa mai launi guba ne, kuma yana da zaƙi, awaki da kaji da karnuka suna sha, yara ma suna iya ɗauka lemo ne. Kada a zubar da shi a tsakar gida ko a kwata, kada kuma a ajiye shi a gorar lemo. Sannan kada a taɓa zuba ruwan sanyi a injin mai zafi, domin hakan kaɗai yana tsaga kan injin.

7. Tamostat da hita

Kanikawa da yawa a yankinmu suna cire tamostat su jefar, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Wannan kuskure ne, kuma a aikin nan illarsa a fili take, domin magani yana buƙatar injin ya kai zafinsa na aiki ya tsaya a nan. A injinan Toyota da yawa tamostat yana fara buɗewa ne a digiri 82. Idan maganinka mai zare ne ko mai garin ƙarfe, tamostat ya zauna a wurinsa. Idan mai siliket ne kuma kwalbar ta ce a cire, a cire na lokacin aikin kawai, a mayar bayan an gama.

Motocin da aka shigo da su daga Turai suna da ƙaramin lagireton hita a bayan dashbod, mai siraran bututu. Yawancin kwalabe suna cewa a buɗe hita zuwa ƙarshe domin ruwa ya zagaya ko'ina. Idan mai siliket za ka zuba, na fi son a cire tiyo biyu na hita a haɗa su da juna na ɗan lokaci, domin fiddo wannan ƙaramin lagireto idan ya toshe sai an kwance dashbod. Sababbin injinan gas masu na'urorin sanyaya mai da sanyaya hayaƙi suna da hanyoyin ruwa matsattsu, kuma a kansu ban ba da shawarar mai siliket ba.

8. Zuba maganin

Injin yana sanyi, mota a wuri mai daidai. Ka cika ruwa (ruwan sanyaya injin idan maganin mai zama a ciki ne, ruwa zalla idan mai siliket ne da ba ya haɗuwa da shi) amma ka bar gurbin da maganin zai shiga. Ka girgiza kwalbar sosai, aƙalla rabin minti, ka leƙa ka tabbatar babu abin da ya kwanta a gindinta, domin abin da ke aikin shi ne yake kwanciya. Ƙwayoyi kuwa a daka su a jiƙa a ruwan ɗumi su narke tukuna. Ka zuba a hankali ta bakin lagireto kansa. A motar da take da marfi a kan lagireto, gorar ajiya ta gefe ba wurin zuba magani ba ce, saboda ruwanta ba ya zagayawa, maganin zai kwanta a nan ne kawai. A motocin da ba su da marfi a kan lagireto, irin Peugeot da Renault na baya-bayan nan, ya fi kyau a cire tiyo na sama a zuba ta nan a mayar. Sai a ƙarasa cikawa da ruwa.

Gargaɗi: kada ka wuce adadin da aka rubuta. Tunanin cewa kwalba biyu sun fi ɗaya ƙarfi shi ne ya fi kowane kuskure toshe lagireto.

9. Tayar da injin

Ka tayar da injin nan take bayan zubawa, kada ka bar maganin ya kwanta. Ka bar marfi a buɗe na 'yan mintunan farko iska ta fita, kana matsa tiyo na sama da hannu, ruwa yana sauka kana ƙarawa, sannan ka rufe marfin tun kafin ruwan ya yi zafi. Rufewar tana da muhimmanci, domin matsin da marfi yake riƙewa shi ne yake tura maganin cikin rami, shi ne kuma yake hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120.

Lokacin da injin zai yi yana aiki yana kan kwalba: masu sauƙi minti 10 zuwa 20 bayan ya yi zafi, wasu masu siliket kusan awa guda. Kada ka bar wurin. Idonka yana kan allurar zafi, kunnenka yana kan fanka, kuma da allura ta wuce inda ta saba tsayawa ka kashe. A yi aikin da sassafe ko a inuwa, ba da tsakar ranar watan Afrilu ba, lokacin da zafin Garwa da Injamena yake haura digiri 40.

Akwai abin da ya keɓanci sabon aiki. Sababbin zobban fistin ba sa son doguwar tsayuwa a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, suna buƙatar ɗan nauyi kafin su zauna da bangon silinda. Saboda haka idan yoyon ƙarami ne sosai, gara a bar injin ya yi tafiyarsa ta farko ana lura da ruwa kullum, a yi juyen mai na farko, sannan a zuba magani. Idan kuma ba zai jira ba, a riƙa ɗan taka totur ana saki, sai dai in kwalbar ta hana.

Gargaɗi: kada ka buɗe marfin lagireto injin yana zafi, ko da tsumma. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tashi ne gaba ɗaya zuwa fuska da ƙirji.

10. Hucewa, bushewa da cikawa

Mai zare da mai garin ƙarfe a cikin ruwa suke zama. Ka kashe injin, ka bar shi ya huce sarai, ka ƙara ruwa zuwa alama, shi ke nan. Mai siliket na tsohon salo kuwa sai an zubar da shi bayan injin ya huce, a bar mazubai da marfi a buɗe iska ta shiga, yawanci kwana guda, domin abin da ya shiga tsagar ya ƙarasa ƙanƙamewa. Wanda ya gajarta wannan jira ya zubar da kuɗinsa. Bayan nan a ɗauraye, a mayar da tamostat da sabon gasket, a mayar da tiyon hita.

Cikawar ƙarshe a yi ta da ruwan sanyaya injin, ba ruwa zalla ba. Ko da ba mu da ƙanƙara, wannan ruwa shi ne yake hana tsatsa cin ƙarfe da alminiyam, kuma tsatsa ce take buɗe ramukan da ake fama da su. Idan mai kauri ka saya, ka gauraya shi rabi da rabi da ruwan batir, ko aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Idan wanda aka riga aka gauraya ne, kada ka ƙara masa ruwa. Ka tsaya a kan iri ɗaya, domin launi kaɗai ba ya nuna cewa biyu za su jitu. Ka ɗan ɗaga gaban mota, ka buɗe 'yan kusoshin fitar da iska idan injin yana da su, ka bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Iskar da ta maƙale a kan injin tana sa zafi, kuma idan ta fita daga baya ruwa zai sauka, ka ɗauka yoyo ne ya dawo.

11. Sa ido bayan aiki

Washegari da safe, injin yana sanyi, ka ja layi da alƙalami a jikin gorar ajiya daidai inda ruwa ya tsaya. Kowace safiya ka duba wannan layi, ka leƙa bakin lagireto, ka zaro sandar baƙin mai. Ɗan sauka a kwana biyun farko ragowar iska ce, amma bayan nan ya kamata ruwan ya tsaya. Tafiye-tafiyen farko su zama na cikin gari, ba kaya mai nauyi. Hawan dutsen da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere da lodi ba wurin gwada sabon toshi ba ne, a bari sai an yi mako biyu ruwa bai motsa ba, kuma ko a lokacin a tafi da jarkar ruwa.

Ka kuma gwada lagireto kansa. Bayan tafiya ka kashe injin, ka cire makulli, ka kai bayan hannunka kusa da fuskarsa daga sama zuwa ƙasa, kana kiyaye fanka mai lantarki domin tana iya tashi da kanta. Zafin ya kamata ya ragu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. Idan ka ji wani yanki da sanyi a tsakiyar mai zafi, bututun wurin sun toshe, a kai shi a tsefe kafin allura ta fara hawa.

12. Idan yoyon bai tsaya ba

Kada a zuba kwalba ta biyu. Yoyon da ya fi ƙarfin zubi ɗaya da aka yi bisa ƙa'ida ya nuna cewa ramin ya wuce aikin magani, kuma ƙari zai taru ne a lagireto da hita. A sauke kan injin, a auna fuskarsa da ta jikin injin, a kai su wurin masu injin gyaran ƙarfe a gwada tsaga. Tsagar da ke bangon waje na jikin injin ana iya ɗinke ta da kusoshi ko a yi mata walda ta musamman ta baƙin ƙarfe, wadda take buƙatar a ɗumama ƙarfen kafin aiki a kuma bar shi ya huce a hankali. Tsagar da ta ratsa bangon silinda ko ta kai ramin kusa yawanci sai canjin jikin injin. Ka faɗa wa bakanike irin maganin da ka zuba da adadinsa, ka kai masa kwalbar idan tana nan, domin ya wanke hanyoyin ruwa, ya duba famfo da tamostat, ya kuma tsefe lagireto kafin ya ɗora sabon gasket.